Kubewar Da Ake Ɗaura Wa Jan Ƙyalle

Na ga abubuwa da yawa da suka ɗaure mini kai tun da tsufa ya kawo ni gidan autana a Talata Mafara, amma na farkonsu shi ne tsakar gidan kansa. Tun daga bakin ƙofa har bayan ɗaki babu inda kaza za ta tona. An shafe ko'ina da siminti, sumul, har gindin katanga. Ranar da na iso na tsaya da ƙunshin kayana a kai ina ta waige-waige, sai Auta ya ce, "Inna, mi kike biɗa?" Na ce ƙasa nike biɗa. Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce irin tawa. Wallahi ba wasa nake yi ba, tsoro ne ya kama ni. Ban taɓa kwana a gidan da ba abin da ke tsirowa a cikinsa ba.

A gidan da na tashi, can wajen Faru, ruwa ba ya fita waje sai ya yi aiki. Ruwan wanka yana gangarawa gindin gwanda. Inda Baba ke alwala akwai lemun tsami, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar tulu ya ba shi ruwa, alwalar nan biyar ita ta raine shi har ya fi ɗaki tsawo. Ruwan wanke-wanke kuwa na garkar Inna mahaifiyata ne, wani ɗan fili a bayan ɗakinta da ta kewaye da shingen kara. Ba shi da wani girma, tabarma huɗu za su rufe shi, amma me babu a ciki? Yakuwa, rama, lalo, alayyafo, yalo, barkono, ga zogale tsaye a kusurwa, ga kabewa ta bi shinge ta haye rufin ɗaki tana ajiye 'ya'yanta a kan ciyawa. Da safe abin da ke tashin mutum shi ne kukan ƙudan zuma a cikin furen kabewa, da ƙarar muciya, da muryar Inna tana korar akuyar maƙwabta da sunan uwarta. Ba a tsinko kayan miya a ajiye. Sai tukunya ta fara tafasa Inna za ta ɗauki ƙwarya ta zaga baya, ta dawo da ganye yana ɗigar da raɓa. Mu yara kuma mu saci yalo mu goge a zane mu ci a tsaye, ɗacinsa na ratsa kai, ko mu zungure gwanda da gora mu zauna mu kwashe ta da hannu. Da hantsi a yi kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, a matsa lemun Baba a kai, kowa ya sa hannu a akushi ɗaya. Ban san wani abu ne ba a lokacin, na ɗauka haka duniya take ko'ina.

Yanzu ga ni a garin da fadama ta kewaye, amma ko lalon miya sai an shigo da shi a leda. Tumatir a gwangwani. Kubewa kuwa wasu dogaye ne sirara da suka kwana uku a tire, a kawo su a jefa cikin firji su ƙara kwana uku, sannan a ce mini, "Inna, yau miyar ɗanya za a yi." Ɗanya! Ruwan wanka da na wanke-wanke duk su bi ta bututu su fita bayan katanga su tafi a banza, ina zaune ina jin ƙararsu raina na ƙuna. Ba wai ina kukan rashin kula ba ne. Matar Auta, wadda nake kira Malama saboda koyarwa take yi, yarinya ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ba ta cin abinci sai ta ga na ci. Aibinta ɗaya, tsabta. Da za ta samu dama, ni kaina sai ta jiƙa ni a baho ta dirje.

A cikin duk abin da ke garkar Inna, kubewa ce sarauniya, wadda mu can muke ce wa guro. Ba irin ta kasuwa ba ce. Gajera ce, mai kauri, da ja-ja a wuyanta kamar an shafa mata lalle, kuma guda biyar sun isa su ɗaure miyar gida guda, ka ja loma yauƙin ya biyo ka har baki. Inna ta samo ta wajen uwarta, ita ma wajen tata uwar. Ba a sayen irinta, ba a sayarwa. Kowace damina, idan kubewa ta fara 'ya'ya, Inna za ta yage jan ƙyalle ta bi ta ɗaura a wuyan wasu daga ciki. Waɗannan ba mai taɓa su. Za su tsaya a jikin uwarsu su ƙosa, su bushe, su fara tsagewa, sannan a fasa a fitar da ƙwayar, a cuɗe ta da toka saboda ƙwari, a ɗura a ɗan gora a toshe da totuwar masara, a rataye a madafi inda hayaƙi ke bugunsa har wata damina. Duk yarinyar da ta tashi a gidan tana ganin jan ƙyallen nan, amma ni ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini ma'anarsa, domin manya a lokacin sun ɗauka ido ya isa ya koya wa yaro.

Shekarar da abin ya faru da ni ban wuce goma ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, ga shi awaki sun fasa shinge sun yi ɓarna, kubewa tushe biyu kacal suka tsira. Gora kuwa babu komai a ciki, an shuka duka. 'Ya'ya bakwai suka rage a jikin tushen nan biyu, Inna ta bi su duka ta ɗaura musu ƙyalle. Washegari ta tafi barka a ƙauyen da ke gaba da mu, sai ga baƙo ya sauka, wani dattijo aminin Baba daga Morai. Baba ya leƙo ya ce in yi abin da zan iya. Ni kuwa na ji kaina ya kumbura, yau ni ce matar gida. Na tuƙa tuwon dawa, na zaga garka neman abin miya, na ga kubewar nan bakwai sun yi ɓul-ɓul da jan ƙyallensu. A gidanmu komai mai kyau na baƙo ne, tabarma mai kyau tasa ce, kaza mai ƙiba tasa ce. Sai na ce a raina, ai shi ya sa Inna ta yi musu alama, ta ware su ne domin rana irin ta yau. Na tsinke su tas, na yanka, na sa daddawa da ɗan kanwa, na burge da maburgi. Miya ta yi kyau har baƙo ya sa mini albarka ta bakin Baba.

Da la'asar Inna ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba ta zaga baya, kamar yadda ta saba. Ta jima a bayan ɗakin. Can ta fito da ƙyallayen nan bakwai a tafin hannunta, domin a nan ƙasa na zubar da su.

"Wa yat tsinke guron da na ɗamre?"

Na ce, "Ni ta, Inna. Baƙo munka yi, na ce a yi mai da mai kyau."

Na rufe ido ina jiran mari. Bai zo ba. Ta zauna a bakin murhu, ta jawo tukunya, ta gutsuri tuwo ta lakaci sauran miyar ta ci. Ta ce, "Ta yi daɗi. Ai dole ta yi daɗi, miyar baɗi da ta shekarun da ka biye duka kin haɗa kin dahe yau." A nan na gane abin da na yi. Na duba goran da ke rataye, na tuna babu ko ƙwaya a cikinsa. Na yi kuka irin wanda duka bai taɓa sa ni ba, domin na ɗauka na kashe kubewar kakanninmu daga duniya, ni kaɗai, da wuƙar yankan albasa.

Da sassafe Inna ta tashe ni ta ce in ɗaura zane, za mu Damaga wajen yayarta, wadda muke kira Inna Babba. A ƙasa muka tafi, ta hanyar ƙafa cikin gonakin dawa, muna ratse wa shanu. Ba mu isa ba sai da rana ta take. Aka yi gaisuwa, kun zo lahiya, ina gajiya, ina mutan gida, ya ƙarshen ruwa, har na ƙosa. Sai da muka sha fura sannan Inna ta nuna ni da haɓa ta faɗi abin da na yi. Ina jiran faɗa, sai Inna Babba ta fashe da dariya har tana dukan cinya.

"Ɗiyar uwarta! Ke yarinya, bar kuka. Wagga da kike gani, shekarar da anka kai ta ɗaki akuya tab bari tac cinye nata, nan taz zo tana sharɓar majina."

Ta shiga madafi ta sauko da nata goran, baƙi ƙirin da hayaƙi kamar namu, ta zazzago toka da ƙwaya a tafin hannu, ta ƙulle mini a gefen zanena. Ni ta ƙulla wa, ba Inna ba. A hanyar dawowa hannuna na kan ƙullin nan har gida. A kan hanyar ne Inna ta buɗe baki. Ta ce, "Kin ga abin da yas sa ba a aje iri gida guda? Duk ɗiyar da za a kai ɗaki sai an ƙulla mata nata. In na wagga ya ɓace, na waccan na nan." Na samu ƙarfin hali na tambaye ta yadda take sanin wanda za ta ɗaura wa ƙyalle. Ta ce, "Babu wuya. Wanda ranki ya hi son ci, shi za ki ɗamre."

Da aka kai ni nawa ɗakin a wani ƙauye wajen Bakura, ƙullin irin yana gefen zanena. Na yi tawa garkar, na samu nawa goran, kuma damina ba ta taɓa wuce ni ban ɗaura jan ƙyalle ba, har gashina ya yi fari. Inda na karkace shi ne a kan 'ya'yana mata, kuma yau zan faɗe shi tunda ba wanda zai faɗa mini. Da za a kai babbar ɗiyata gidan miji a birni, na ƙulla mata iri da tokarsa a tsumma na sa a cikin kwanukanta. Wajen jere sai dangin miji suka ci karo da ƙullin. Toka a tsumma, cikin kayan amarya! Aka yi cirko-cirko, aka fara salati, wata ta ce asiri ne aka haɗo yarinya da shi don ta mallake musu ɗa. Ɗiyata kunya ta rufe ta, ta rasa bakin bayani, aka ɗauke shi da tsinke aka jefa a masai. Da labari ya zo mini na yi kwana uku ban ci abincin kirki ba. Ni za a mai da mai asiri saboda kubewa? Na rantse ba zan ƙara ƙulla wa kowa ba. Ƙannenta biyu aka kai su ɗaki hannu wofi, ina gani, ina sane, zuciya ta hana ni.

Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, mutane suka dinga watsewa, Auta ya zo ya ce sai dai in bi shi. Na bar gwandata, na bar zogalena, na bar turmin da na daka hatsi a ciki tun ina amarya. Goran nan kaɗai na naɗe a tsakiyar zannuwana. Da na tarar da siminti sai na samu ƙusa a ɗakin ajiya kusa da kicin na rataye shi, ban ce wa kowa komai ba. Na ce a raina, me zan gaya musu, su ma su yi mini dariya? Damina biyu ta wuce yana rataye. Wani lokaci in shiga in girgiza shi a kunnena in ji ƙwayar na motsi, in fito.

Rannan da hantsi, ana gab da faɗuwar ruwa, ina zaune a inuwa ina jan carbi, sai ga Malama ta nufo ni fuskarta cike da fara'a. Ranar ba makaranta, tun safe take ta fitar da kaya tana share-share. Ta durƙusa ta miƙo mini wani abu da hannu biyu.

"Inna, ga goranki na wanke miki. Toka ce cike da shi, duk ya yi baƙi. Sai da na sa soso da sabulu kafin ya fita."

Na karɓa. Fes da shi, ja-wur, har yana ƙyalli, ban taɓa ganin ainihin launinsa ba sai ranar. Na girgiza. Shiru. Na sake girgizawa a kunnena. Wallahi na ji mutuwar mutane da yawa a rayuwata, amma ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba.

Na ce, "Ina kika zuba?"

Ta ce a magudanar bayan katanga, kuma ta bi da ruwa bokiti biyu don kada ya toshe.

Ban san lokacin da na fita ba, ko mayafi babu. Na durƙusa a bakin kwata, tsohuwa da ni, na sa hannu cikin taɓo ina lalube, masu babur na rage gudu suna kallo. Kaji sun riga ni. Ban samu ko ƙwaya ɗaya ba. Malama na tsaye a kaina tana cewa, "Inna, mene ne? Don Allah mene ne a ciki?" Na ɗago na ce mata, "Uwata kika zubar, da kakata." Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba, Allah Ya yafe mini. Ta fashe da kuka ta ce, "Wallahi ban sani ba, Inna. Ba ki taɓa gaya mini ba." Na ji maganar, amma a lokacin ban bar ta ta shiga ba.

Da Auta ya dawo na ce ya nemo mini jikar Inna Babba a waya, wadda na ji an ce suna cikin Maradun yanzu. A raina na ce, ai hanya ɗaya ce, wadda Inna ta bi da ni, in na wannan ya ɓace na waccan na nan. Muka gaisa, muka yi wa juna jaje, sannan na tambaye ta irin guron gidanmu. Ta ce, "Inna, wane iri? Mu da munka hito da zanen jikinmu? Ai ke muka sa ma rai." Aka nemo wata 'yar'uwar, ita ma haka. Sai na zauna ina lissafa gidajen da irin nan ya kamata a ce yana rataye, na zo kan 'ya'yana uku, kowace da gidanta, kowace da madafinta, ba wadda ke da ko ƙwaya. A nan maganar Malama ta shige ni. Inna ta yi tafiyar rabin wuni a ƙasa don ta nuna mini abu ɗaya, ni kuma na tattara shi duka a gora ɗaya na rataye a ƙusa na ja bakina na yi shiru, saboda wasu mata sun yi mini dariya shekarun baya. Yarinyar nan gora kawai ta wanke. Ni na zubar.

Duk da haka ban iya ba ta haƙuri ba, girman kai bai bar ni ba. Muna gaisawa, tana kawo abinci, ina ci, shi ke nan. Ruwa ya sauka, aka yi na farko, aka yi na biyu. Wata safiya ta shigo ɗakina ko sallama ba ta gama ba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in zo in gani. Ashe tun ranar kullum kafin ta tafi makaranta sai ta zaga bayan katanga ta duba. Can ƙasa da inda na yi lalube, a wata 'yar tsaga tsakanin kwata da katangar maƙwabta, inda ruwa ya tara ƙasa, ga tsiro uku. Na sunkuya na ɗaga ganyen da yatsa. Jan nan yana jikin karan. Na zauna daɓas a ƙasa ina salati.

Malama ta ce bari ta samo bokiti a cire su a kai cikin gida. Na ce a'a, guro ba ya son a tashe shi daga inda ya zauna. Ita da kanta ta samo ƙaya da tsohon kwano ta kewaye su, malamar makaranta da ita, tana fama da ƙaya a bakin kwata. Duk da haka akuya ta zura kai ta cinye ɗaya, ranar har ni har ita da baƙin ciki muka kwana. Biyu suka rage, kamar wancan karon. Na fitar da kujerata waje, na zama mai gadin kwata, maƙwabta na wucewa suna cewa tsohuwar gidan Auta ta fara ruɗewa. Su faɗa. Ina nan har fure ya buɗe, ruwan ɗorawa da baƙin ja a tsakiya, har ya faɗi, har 'ya'ya suka fito gajeru masu kauri. Na riga na gaya wa 'ya'yana uku a waya cewa in Allah Ya kai mu kaka kowace za ta ga ƙulli, ta shuka ko a bokiti ne, kuma duk wanda ya ce asiri ne a turo mini shi. Auta ma ya kawo mai guduma an fasa simintin bayan ɗakina, ƙasa ta leƙo, baƙa, tana ƙamshi.

Jiya da safe na yage gefen wani tsohon jan zanena, na kira Malama muka zaga. Ta tsaya tana jira in ɗaura. Na kamo hannunta na sa mata ƙyallen a ciki, na ce, "Ɗiyata, ki yahe mani." Ban taɓa kiran ta haka ba. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ƙyallen. Can ta durƙusa gaban kubewar, ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Inna, ina tsoron in yi kuskure kuma. Wanne ake ɗaurawa?"

Na buɗe baki, sai na ji muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta wata mata ce a kan hanyar Damaga, da rana a tsakiyar kanta.

"Babu wuya. Wanda ranki ya hi son ci, shi za ki ɗamre."